Inna Aina'u da Jegon da Ba Ya Ƙarewa

Kafin a kunce awaki a Unguwar Marke, can ƙasar Bagwai, Inna Aina'u ta riga ta hura wuta a gidan wani. Da ta sallame asuba take ɗaukar damin ganyen darbejiya, ta bi ta tsakanin gonaki zuwa gidan da aka haihu. Ta cika rabin duro da ruwa, ta tura kara a murhu, ta zauna tana mita: karan ɗanye ne, ruwan bai isa ba, matan yanzu ragwaye ne. Kowa ya saba da mitar Inna, ba mai jin haushi. In ruwa ya tafasa sai ta ja mai jego makewayi, ta yi ta tsoma ganye tana fyaɗa mata har jiki ya gasu, sannan ta tsaya a kanta sai ta shanye kunun kanwa. Da la'asar ta dawo. Haka ta yi ta yi har furfura ta cinye mata kai.

Sai dai ba don ruwan zafi muke jinjina mata ba. Mai wankan jego ita kaɗai ke ganin abin da zane da hijabi suka rufe. Inna ta ga shatin igiyar shanu a gadon baya, ta ga haƙarƙarin da ya karye ya ɗinke a karkace. Waɗanda suka riga ta a sana'ar su ma sun gani, suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ita ta ce nata cikin ba rumbu ba ne.

Ga dabararta. A garin, mai jego ba ta komawa aikin gida da turakar miji sai mai wanka ta ce ta gasu, kuma ba namijin da zai ja da ita a kan ɗanyen jego, don kowa na tsoron a ce shi ya jawo wa matarsa kumburi. To in Inna ta ga tabon duka, sai ta ce ɗakin nan da sanyi, a kai yarinya gidan iyayenta. In arba'in ta cika aka zo ɗauka, ta taɓa bayanta, ta taɓe baki, ta ce, “Da saura.” Cikin wannan sauran take yin aikinta na gaskiya. Ta je wurin mai unguwa, ta je wurin liman, ta tattaro kawunnan yarinya, ta kafe sai an zauna. In an zauna kuma ba ta yarda maza su gama magana su tashi. “Ku bar ta ta faɗa da bakinta,” in ji ta, “ai ba bayan kawunta aka daka ba.”

Safiyatu mai ƙuli-ƙuli shaida ce. “Wallahi ina iya ɗaga turmi ni kaɗai,” in ji ta, “amma Inna kullum cewa take ni ɗanya ce, har ɗana ya fara zama. Sai da maigidan ya rantse gaban mutane ba zai ƙara ɗaga mini hannu ba, sannan na gasu.” Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi.

Ke ce, Inna, katangar da ba a gina da ƙasa ba. Ba ki da ofis, ba ki taɓa riƙe alƙalami ba, amma mata da yawa a ƙasar nan a gabanki suka fara jin wani ya tambaye su, “Ke me kike so?”

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ji daɗi. Tahira 'yar Malam Isyaku ta haihu a ƙarshen rani, Inna ta kwance mata zane ta ga abin da ya sa ta ajiye ganyen. Mijin, Abdulbasit mai fataucin awaki zuwa kasuwar Shanono, bai ƙyale ko cikin da ta ɗauka ba. Inna ta kai ta gidan ubanta, arba'in ta wuce, ta ce da saura. Amma maza sun daɗe suna zancen a gindin bishiya: yaya aka yi matan masu zafin hannu kaɗai ne ba sa gasuwa? Abdulbasit bai yi gardama ba. Ya zo da babur, ya ɗauki Tahira zuwa asibiti. Malamar asibiti ta duba ta, ta ce lafiyarta ƙalau, ta ma ƙara da cewa a rage ruwan zafin nan. Gaskiya ta faɗa. Shatin ya riga ya baje, kuma ba wanda ya gaya mata abin da ake jinya.

Inna ta sami Malam Isyaku a zaure.

“Malam, kada ka mayar da yarinyar nan. Ni na ga jikinta.”

“Haba Inna, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Uwarta haƙuri ta yi, ga ta nan da ranta. So kike a ce 'yata ta kashe aure da jaririya a baya?”

“To a tambaye ta mana.”

Aka kira Tahira, ta durƙusa gaban ubanta, kanta a ƙasa. Ta ce, “Duk abin da Baba ya ce.” Sai da za a fita da ita ta riƙe gefen zanen Inna, ta yi ƙasa da murya: “Inna, ki ce ban gasu ba mana.”

“Na faɗa, 'yar nan. Sun daina ji.”

Gero bai kai ga yanka ba aka ce Tahira ta faɗi a tsakar gida ta cika. Garin ba shi da wata mai wanke gawar mata sai Inna, don haka ita aka kira. Ta wanke ta, ta suturta ta, ta fito ƙofar gida inda maza suka taru, abin da ba a taɓa ganin mace ta yi ba. Ta ce wa liman faɗuwa ba ta barin shatin yatsu a wuya.

“Inna,” in ji liman, “mai wankan gawa amana aka ba shi. Abin da ya gani, da shi ake binnewa.”

“Aibin mamaci aka ce a rufe, Malam. Wannan ba aibinta ba ne.”

Sai Malam Isyaku ya ce kwana ne ya ƙare, shi ya bar wa Allah. Aka ja sahu, aka yi sallah, aka kai ta. Da yamma Abdulbasit na kan tabarma yana karɓar gaisuwa.

Daga ranar aka daina aiko wa Inna. Aka ce mai kashe aure ce, aka ce idonta ya yi yawa. Yanzu in an haihu, daga wani ƙauye ake ɗauko mai wanka, wadda ke kallon ruwa ba ta kallon jiki. Ba Inna ta ajiye aiki ba, ajiye ta aka yi. Tana nan zaune a tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa, ko mitar ma ta daina. In an yabe ta da matan da ta ceta sai ta girgiza kai. “Ceto? Duk suna ɗakunan da na ɗauko su. Wa ya sani ko jinkiri kawai na samar musu.” Abin ya yi mata ciwo.

Mun gode, Inna Aina'u. Ke kika gani kika faɗa, ke kaɗai, cikin gari guda mai idanu. Allah ya saka miki, ya jiƙan Tahira, ya raya marainiyar da ta bari.

Sauran mu kuwa, ba sai mun iya wankan jego ba. Sallama kawai ake nema. A ƙauyukan nan danga ce tsakanin gida da gida, ba kukan da ba a ji. Wanda ya ji, ya tashi ya buga ƙyaure, ko da za a kira shi mai shisshigi. Matan maƙwabta sun faɗa daga baya cewa ranar da abin ya faru, da hantsi ne, suna daka, suka jiyo Tahira ta bayan danga. Ba uwarta take kira ba, ba ubanta ba. Inna take kira. Suka dubi juna, suka ci gaba da daka.