Jebamani Mai Tsaron Ƙofar Gidan Fatalwa

"Ba a gidan nan ba, Attai! In ya shigo ta gaba, ni ta baya zan fita."

"To ki bi a hankali, ƙofar bayan tana maƙalewa," na ce da Kirubai, matar ɗana, mai kira na Attai, wato suruka.

"Yi ta ba'a. Duk gidan da mutumin nan ya taka an fitar da gawa. Ga ɗanki da ciwon zuciya!"

Tun safe muke wannan, duk a kan ɗakin baya da na ce zan ba Jebamani. Shi ya sa na ajiye ludayi na ɗauki alƙalami, don masu karanta takardar cocinmu su san mutumin da suke tsallake titi in sun hango shi.

Kafin jirgin ƙasa na safe ya yi kuka, Jebamani ya gama share farfajiyar gidan nan mai rufaffun tagogi da ke bayan tasha, wanda muke ce wa Gidan Fatalwa. Ya goge takubba da toka da tsamiya. Ya shanya fararen alkyabbu masu jan gicciye, iska tana kaɗa su kamar mutane marasa kai. Masu kai madara har yau zagayawa suke yi.

Sojojin Turawa da manyan ma'aikatan jirgi ne suka kawo ƙungiyar asirin da ke zama a gidan, da suka tafi suka bar wa mazanmu. Sai mutum ya fara shiga wata ƙungiyar asirin da ake ce wa ta magina, ya daɗe, kuma ya zama Kirista ne, sannan a ɗaga shi zuwa barade. Barade fa! Mijina Dorairaj har ya mutu bai taɓa hawa ko jaki ba. Kowane gari da reshensa, shugaba shekara guda yake yi ya sauka, a samansu akwai babba a Madras, shi ma da nasa a ƙetare. Can ƙasan kowa kuma sai mai tsaron ƙofa. Dokarsu ce: in suna zama, yana tsaye a waje da takobi tsirara, ba ya gusawa, ba ya buɗe wa kowa sai an ƙwanƙwasa masa daga ciki.

Me suke yi a cikin? An ce akwai ƙoƙon kan mutum a kan tebur, da kyandirori da ake kashewa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi mijina, ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Na bi Jebamani da kofi, na bi shi da wainar shinkafa, shekara da shekaru. Ya cinye, ya lashe yatsa, ya ce, "Uwargida, ai ni a waje nake." Ni da ko cikin wata uku ba ya ɓoye mini a unguwar nan!

Amma ranar da 'yar mai injin niƙa ta ɓata, ina wurin, da idona na gani. Aka ce baraden ne suka sace ta don su sabunta ƙoƙon kai. La'asar ce, suna cikin zama, har da mijina, ƙofa kuma ɗaya ce tak. Mutane suka cika farfajiya da sanduna da duwatsu. Na ji warin kananzir kafin na ga gwangwanin.

"Buɗe, tsohon maye!" in ji uban yarinyar.

"Ayya, ba a ƙwanƙwasa mini ba."

"Sai mu ƙone har da kai!"

"To ku fara da ni, ni ne a kusa."

Takobin nan ko albasa ba ya yankawa, kuma bai ɗaga shi ba. Dutse ya same shi a fuska, jini ya wanke masa riga, ya jingina da ƙofar, bai matsa ba. Mai riƙe da ashana ya kasa ƙyastawa, don ƙone gida daban, ƙone mutum yana kallonka daban. Suna cikin wannan tsayuwa aka zo da labari: yarinya tana garin Salem, ta bi kwandastan bas da ƙafarta. Kowa ya sulale. Idon Jebamani na hagu bai sake gani ba.

Kai ne garkuwar da ba a taɓa ce wa sannu ba, Jebamani. Kai ne kake zuwa gidan barden da ya rasu ka karɓi alkyabbarsa da takobinsa, kamar yadda al'adarku ta ce. Bayan mutuwa kake zuwa, ba kafinta ba, amma mata sun juya lissafin. Da ka zo karɓar na mijina, maƙwabta sun ja da baya daga akwatin gawar, wai gawar ɗan Gidan Fatalwa nauyi take ƙarawa a hanya. Kai ka sa kafaɗa a gaba, sannan kunya ta jawo sauran.

Yanzu manyan Madras sun ce baradenmu sun ƙare, an haɗe ragowar tsofaffin da reshen birni. Ƙarshen watan nan za a kulle gidan, har da ɗan ɗakin da yake kwana. Ya bi unguwa gida gida neman haya, ana leƙo shi ta taga ana cewa ba kowa.

Ba zan ce muku ba na tsoro ba. In ya juyo mini da farin idon nan, tsikar jikina tashi take yi, kuma har gobe ban san abin da ke kan teburin nan ba. Amma na san wanda ya tsaya a ƙofa. Mun gode, Jebamani, Allah ya saka. Ku kuma samari masu barin wurin aiki da zarar hadari ya haɗu, ku je ku gaishe shi, ku koyi tsayuwa.

Kirubai ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta har ƙasa.

"In wani abu ya sami uban 'ya'yana, Attai, ke za ki ɗauki akwatin?"

"In ya faru, Allah ya kiyaye, mai ɗauka yana ɗakin baya. Na riga na aika masa, gobe zai kawo tabarmarsa."

Ta dube ni kamar ni ce fatalwar. Ta fizgi jakarta, ta ce a nemi ta gidan ubanta, ta buga ƙofa har hoton Dorairaj ya karkace a bango.