Inda Inna Take Kallo

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son ludayi ina kusa, sai ta ce a kawo ludayi, kamar da iska take magana, ni kuma in tashi in kawo. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, amma ƙannena ne ke hawa cinyar Inna, tana yi musu tsifa tana yi musu faɗa ido cikin ido. Ni kunya ce rabona. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini ba ƙi ba ne. Duk da haka abin yana cina a rai, har na girma ban san yadda idonta yake ba idan ni yake kallo.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi aikin kammala karatu a kansa, daga shi sai kyamararsa. 'Yan ajinmu suka bazama tasha da kasuwannin birni. Ni na zaɓi mutanenmu, waɗanda ruwan dam ɗin Tiga ya ci ƙauyukansu aka sake musu wurin zama. Na kafa wa aikin sharaɗi ɗaya: duk wanda zan ɗauka sai ya kalli idon kyamara kai tsaye, ba sunkuyar da kai, ba kallon gefe. Malamin da ke duba aikina ya yaba da dabarar sosai. Bai tambaye ni inda na samo ta ba, ni ma ban faɗa ba.

Da ƙarshen damina na fara yawo. Dawa ta yi tsayi har ta rufe hanya, babur yana ratsawa ganye na shafar kafaɗata. Na je Yako, na je Dangora, ranar kasuwa na sauka Ƙafin Maiyaki ina cigiyar tsofaffin da aure ko noma ya watsa. Kwanakin nan a yanzu sun haɗe mini wuri ɗaya, kore da ruwa da ƙanshin gyaɗa sabuwar cira. In na durƙusa na gaida tsoho na tambaye shi tsohon gari, sai muryarsa ta yi ƙasa, idonsa ya tafi wani wuri. Wani masunci ya ce da safe in ruwa ya kwanta, yana sanin lokacin da kwale-kwalensa ya zo saitin tsamiyar ƙofar gidansu, har yakan rage tuƙi. Wata tsohuwa ta ce har gobe tana mafarkin tana sharar tsakar gidansu na da, kifaye suna shigowa ta zaure suna fita, ba wanda ya yi sallama. Nakan bar su su yi nisa, sannan in ce, “Baba, kalle ni nan.” Sai su dawo a hankali, in danna.

Inna ma a can aka haife ta, tana ƙarama aka ɗora ta a kan kaya aka baro garin. Ita na bari a ƙarshe, kuma gaskiya saboda ita na ƙirƙiro aikin gaba ɗaya. Ba zan iya tunkararta da maganar ba, don haka na bi ta hannun Kaka. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce in dai wadda take gudun inuwata ce zan sa ta kalle ni, to in nemi guzuri don zan daɗe. Amma ta kai saƙon. Inna ba ta iya musa wa surukarta, aka dawo mini da cewa ta ce to.

Da sassafe muka bi ta bayan lambunmu zuwa bakin ruwa, tana gaba ina baya. Ta saka atamfarta ta zuwa biki. Ruwan ya yi luf, tururi na tashi a kansa, duwatsun can nesa kamar ba a ƙasa suke zaune ba. Ta zauna a kan wani kwale-kwale da aka kifar. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na leƙa, ga fuskar Inna ta cika mini ido.

Na ce, “Inna, ki kalli nan.”

Ta kalli yatsun ƙafarta. Na sake faɗa, ta kalli wata balbela da ke kiwo a gefe. Na gyara tsayuwa, na sake roƙo, ta gyara mayafi ta zuba wa ruwa ido. Tsofaffin da ba su san ni ba sun ba ni idonsu kyauta, ga wadda ta haife ni tana rowar nata. Raina ya ɓaci. Na saita kyamarar ta riƙa ɗauka da kanta, na ce, da irin salon maganarta, “A kalli gilashin nan, mai hoton ta tafi.” Na juya mata baya na gangara, na shiga ruwan har ya wuce idon sawuna. Na tsaya ina kallon inda aka ce garinsu yake, ina hawaye, ina jin ƙarar kyamarar a bayana. Da na gaji na fito na tattara kayana, muka dawo gida. Don haushi ko buɗe hotunan ban yi ba.

Sai da na koma makaranta na zuba su a kwamfuta. Babu ko ɗaya da ta kalli kyamara. A dukkansu fuskarta na kallon gefen hagu, ta miƙa wuya, ta ɗan tashi daga zaune, hannunta ɗaya ya bar gwiwarta ya tsaya a iska. Bakinta a ɗan buɗe, kamar kalma ta zo ta maƙale. Ba kowa a wannan gefen na hoton, amma na san wadda ke tsaye a wurin. Na daɗe zaune a gaban kwamfutar har aka zo rufe ɗakin.

Na zaɓi ɗaya na saka cikin aikin. Malamina ya ce hoton ya karya sharaɗin da ni da kaina na kafa, in cire shi ko ya taɓa mini maki. Na ce a bar shi. Ya dube ni ya ce ruwana. Ranar baje koli aka rataye shi a ƙarshen layi, tsofaffi duk suna kallon jama'a, Inna kaɗai tana kallon wani wuri.

Bayan an gama na wanke hoton babba na kai gida. Na same ta a tabarma tana tsintar shinkafa, na ajiye shi a gefen faifan. Ta tsayar da hannu. Ta daɗe tana dubansa, har kaza ta zo ta fara yi mata ɓarna ba ta kore ta ba. Can ta ci gaba da tsinta, kanta a ƙasa.

Ta ce, “A gaya wa mai hoton nan, inda ta tsaya akwai rami a gaba. Kada ta ƙara.”

Na ce to. Na zauna a bakin tabarmar na sa hannu a faifan, ba ta matsa ba.