Igiyar Dangwali a Kan Eriya

Kalilu bai gaji gyara ba. Da rediyo ya fara a bakin kasuwar Isa, ya koma wayar hannu, har ya zama shi ake kira in za a kafa eriyar intanet a gida. Ba shago, ba takardar makaranta. Da sunansa kaɗai yake ci, kuma ya fi tsaronsa a kan yadda ya tsare aurensa biyu da suka mutu.

Shekara ta biyu ke nan ruwa na ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba. Attahiru na Kurawa ya sa aka ɗaga masa layi zuwa mai sauri, don ya tura wa dillalan kudu bidiyon shanun gidansu kafin haƙarƙari ya fito. Kalilu ne ya kawo shawarar, shi ya ɗaure eriyar a kan gora. Kwana uku, layin ya fi na da nawa. Attahiru ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana cewa Kalilu macuci ne.

Kalilu ya hau babur ya je. Ya tarar da shi a ƙofar gida da dattawa uku.

"Injiniyan gwangwani ya iso," in ji Attahiru daga kan tabarma. "Bidiyon bijimi guda tun hantsi shina juyi. Da jaki na aza ma, da ya kai Ikko."

"Wa yat taɓa min kaya?"

"Aljannu, halan."

Kalilu ya kashe akwatin intanet ɗin ya kunna. Ya duba batirin sola, ya canja waya, ya gwada da tasa wayar hannun. Sandar sabis ɗaya tal. Sai ya zagaya baya ya ɗaga kai. Eriyar ta ba turken sabis na Sabon Birni baya, tana kallon daji. Da wayar ƙarfe ya ɗaure ta. Yanzu igiyar dangwali ce, da irin ƙullin da ake yi wa maraƙi lokacin tatsa. Iska ba ta iya wannan ƙulli. Makiyayi ɗaya ne a gidan: Illo, ƙanin Attahiru, wanda ya rantse ba za a sayar da shanun ubansu yana numfashi ba.

Ga shi kuwa tsaye, ya jingina da sanda.

"Ka ce iska ce," in ji Illo ƙasa-ƙasa. "In ka hwaɗi, raba garken za shi yi."

"Ni kuma in zan macuci har Sakkwato?"

"Kai suna kaka tsaro. Ni rai talatin."

Kalilu ya tuna dattawan nan uku, da yadda Attahiru bai ko kalli akwatin ba tun zuwansa. Ashe ya sani. Ba mai gyara ya kira ba, shaida ya kira, kuma ya fara ɓata masa suna ne don ya tabbata zai yi magana.

Ya ji haushin an yi masa dabara. Duk da haka ya hau, ya kwance igiyar, ya gyara eriyar, ya zo ya jefa igiyar a gaban dattawa.

"Ga ciwon layinku. Ku tambayi mai ɗaurin maruƙa."

Bidiyon ya tafi kafin Illo ya gama zaginsa. Attahiru na can yana tambayar dattawa ranar rabo.

Kalilu ya tada babur. "Ran kasuwa za ni jiranka," ya ce wa Attahiru. "Rumfa-rumfa, da bakinka za ka wanke ni."