Muryar Baba Tana Cikin Buhun Habibu

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran ƙanena Habibu a hatsarin babur kan hanyar Doguwa. Mutanen Tudun Wada sun san shi da gyaran kwamfuta a ɗan shagon da ke jikin zauren gidanmu. Ni kuwa abin da ya bar mini buhun taki ne cike da faifan kwamfuta, wato ƙarafan nan masu girman sabulun wanki da kwamfuta ke ajiye komai a cikinsu. Muryar mahaifinmu tana cikin ɗaya daga cikinsu, kuma har yau ban san wanne ba ne.

Iyayenmu suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyukansu. Mu a nan aka haife mu, ba mu san garin nasu na asali ba sai a bakin Baba. Da tsufa ya kama shi, Habibu ya riƙa zaunar da shi bayan la'asar yana naɗar maganarsa: ina masallaci yake, rijiyar wa ce ba ta ƙafewa, gonar wa ke iyaka da ta wa, har da ranar da ya fara ganin Innarmu tana wanki a bakin rafi. Da Baba ya rasu muka ce to, ko ba komai muryar tana nan. Sai wata rana aka ɗauke wuta Habibu yana tsakiyar aiki, faifan da muryar ke ciki ya ƙi buɗuwa.

A nan na ga irin aikin yaron nan, kuma wallahi haushi ya ba ni. Kwamfuta da kanta tana tambaya ko a gyara, abu ɗaya kawai za ka danna. Habibu ya ce atafau. Ya cire faifan Baba ya ajiye, ya je Kano ya kwaso tsofaffin faifai, ya zuba musu karatun malamai da hotunan biki, sannan ya zauna yana lalata su da gangan. Wannan ya zare masa waya yana cikin aiki, wancan ya goge masa farko, wani ya hargitsa masa sunaye. Sai ya saki manhajar gyara a kansu ɗaya bayan ɗaya, ya zuba ido.

Na ce masa, "Kai Habibu, mutane na kawo maka ka gyara, kai kuma ka zauna kana ɓatawa? Wannan wane irin shirme ne?"

Ya ce, "Yaya, manhajar nan ba ruwanta da Baba. Ita dai ta ga faifai ya buɗe. In ta tarar da abin da ba ta gane ba, sharewa take yi ta ce maka ta gama. Bari in ga halinta a kan abin da na san na zuba, kafin in miƙa mata abin da ba ni da madadinsa."

Ya kira ni na gani da idona. Faifan da ya cika da tafsiri ya fito lafiya ƙalau, kwamfuta ta ce babu sauran matsala, amma rabin karatun ya ɓace ɓat. Daga ranar ban sake matsa masa ba.

Habibu ba ya rubuta komai a jikin faifai, da mazauninsu ya san su. Waɗanda ya lalata suna kantar ƙasa, na Baba yana sama shi kaɗai. Ranar da aka kawo gawar Habibu damina ce, zaure ya cika, masu ta'aziyya suna tsaye cikin ruwa. Maƙwabta suka buɗe shagon, suka tattara komai a buhu, suka share, suka shimfiɗa tabarmi. Allah Ya saka musu da alheri, haka ake yi a garinmu, ba a barin baƙo a tsaye. Sai bayan sadakar bakwai na buɗe buhun, na ga ƙarafa duk kamarsu ɗaya. Kowanne na haɗa da kwamfuta, tambaya ɗaya yake kawo mini: a gyara?

Ni malamin firamare ne a Kiru, iyakata alli da allo. Na taɓa ɗaukar ɗaya na kai wa wani mai gyara a Kano, da yardar Inna. Kafin in gama ba shi labarin ya danna. Faifai ya buɗe fes, babu komai a ciki sai wasu gutsattsari marasa suna da ba sa kunnuwa. Wataƙila na tafsiri ne. Wataƙila kuma Baba ne ya tafi karo na biyu ina tsaye ina kallo. Ba ni da hanyar sani, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ci mini rai.

Tun daga nan duk wanda aka ce mini gwani ne, tambaya ɗaya nake yi masa: ka taɓa lalata faifai da hannunka don ka ga yadda gyaran zai kasance? Dariya suke yi. Wani a Kwanar Dangora ya ce, "Haba malam, wa ke da wannan lokacin?" Na ɗaure bakin buhuna na hau babur.

Nakan ce da Habibu zai ɗago kai yau, me zai ce? Yanzu kowa rayuwarsa a waya take, daga karatun ɗansa har wasiyyar uwarsa, kuma da ta yi gardama sai a goge ta kaf a fara sabon lale. Ina jin zai riƙe baki. Ko kuma ya ce manhajojin sun waye, in daina tsoro, amma na san ba zai faɗa ba sai ya gwada. Matsalar ke nan. Ya koya mini tsoron abin, ajali bai bar shi ya koya mini aikin ba. Shagon ya koma na cajin waya, kayan aikinsa an raba a gado. Taka-tsantsan ɗinsa ne ya rage, kuma a wuyana ya rage. In na danna ina tsoron in share Baba, in na bari kuma babu mai jin sa.

Inna ba ta cika magana a kai ba. Da ƙaramar Sallah na je gaishe ta, na durƙusa na ce, "Inna, barka da Sallah." Ta zuba wa bakina ido. Na maimaita, sai a na uku, da na ɗaga murya har ana ji a tsakar gida, ta amsa. Ta riƙo hannuna ta ce, "Sani, maganar mahaifinku ɗin nan da Habibu ya naɗa, in za a kunna a kunna. Kunnuwan nan tafiya suke yi."

Na ce to, Inna, in Allah Ya yarda. Da na dawo gida na zaro faifai ɗaya na haɗa, tambayar ta fito. Na daɗe a zaune ina kallon ta har aka kira magariba, sannan na zare wayar na mayar da shi cikin buhu.

Allah Ya jiƙan Habibu da Baba, Ya haskaka makwancinsu. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin hali tun Inna tana ji.