Taken da Maestro Gozun Bai Bar Wa Kowa Ba

Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Maestro Eleuterio Gozun a gidansa da ke bayan cocin Santa Rufina, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da shi tun kafin Kirsimeti. Ya rasu yana da shekara tamanin da huɗu. Ina tsakiyar koyarwa a aji matarsa, Apung Sening, ta kira ni a waya. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Nila, malaminku ya tafi. Ki gaya wa sauran su goge ƙahoninsu."

Maestro, yau zan yi maka magana har in kai ƙarshenta, abin da ban taɓa samu ba kana da rai, domin kai mutum ne da ba a gama zance a gabanka. Na shigo hannunka ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ka duba yatsuna, ka sa na buɗe baki ka duba haƙorana kamar mai sayen akuya, sannan ka miƙo mini baƙar sarewa. Ka ce, "Ke ba ki da numfashin ƙaho, amma kina da taurin kai. Wannan ce daidai ke." Ga shi furfura ta cika mini kai, har yau ita nake busawa a badujalar garinmu.

Ɗan mai gyaran takalmi ne kai. Limamin cocin wancan zamani ne ya ji kana bin waƙar ibada da fito daga bakin taga, ya tura ka makarantar kiɗa a Manila. Ka fito da sakamakon da ya isa ya zaunar da kai can cikin manya, an ma yi maka tayin kujera, ka tattara kayanka ka dawo lardinmu na Pampanga. Kai ne ka tsara mana waƙoƙin ibada da harshenmu na Kapampangan a lokacin da wasu ke ganin harshen bai wuce kasuwa da faɗan maƙwabta ba. Ka tsara wasannin dandali masu waƙa, ka yi wa makarantun lardin nan take, ka horar da mabusa da makaɗa waɗanda yau suke cikin badujalar soja da ta 'yan sanda, da jiragen ruwan 'yan yawon duniya, da manyan otal na ƙasashen Larabawa. Lambobin yabon da aka ba ka kuwa, na ga ɗaya da idona an tokare ƙofar kicin da ita don kada iska ta rufe ta.

Dattawa har yau suna ba da labarin serenata, wato gasar kiɗan da muka yi da badujalar garin ƙetaren kogi a bikin waliyyiyar garinmu. Muka fuskanci juna a dandali, su yi take mu mayar, wanda nasa suka fara ƙarewa ya faɗi. Da aka yi nisa suka fara laluben takardunsu, mu ma namu sun kusa ƙarewa. Sai ka juyo ka raɗa wa kowane layi abin da zai busa, ka ƙirƙiri sabon take a tsaye. Shugabansu ya ajiye sandarsa, ya kira ka da gajeren sunanka ya ce, "Teryo, wannan na wane ne?" Ka ce, "Na uwarka ne, na tsara mata jiya." Ya yi dariya har ya share hawaye, daga nan kuka zama aminai.

Bakinka yana da kaifi, wannan kowa ya shaida. Amma ban taɓa ganin ka kori mutum ba. Lokacin da Kong Dado, babban mai ƙahonmu, ya faɗi a babur ya rasa haƙoransa na gaba, ya san busa ta ƙare masa. Ya kawo ƙahon ya ajiye a gabanka, ya juya zai fita. Ka ce, "Ina za ka? Haƙora ka zubar ko hannuwa?" Ka rataya masa babbar ganga a ƙirji. Ka yi wata da watanni kana koya wa ƙato mai 'ya'ya huɗu riƙon gula, kana zaginsa, Apung Sening tana zuba masa kunun shinkafa. Kong Dado ne ya riƙe mana ganga tun daga lokacin.

Sai daminar 1995 ta zo. Lakar dutsen Pinatubo mai aman wuta, wadda muke kira lahar, ta gangaro, ta cinye unguwanninmu har saman tagogi. Mun rasa mutane. Kai ka tsira da iyalinka da rigar jikinka. Da lahar ta daskare aka bar mu muka koma tono, na gan ka a durƙushe inda ɗakin karatunka yake, kana haƙa da farantin ƙarfe. Ƙahonin sun fito, mun wanke su a bokiti. Takardun kuwa, aikin shekara talatin, sun zama dunƙule ɗaya mai wari wanda ba a bambance shafi da shafi. Ka daɗe kana kallonsa, sannan ka ce, "Takarda ta ci amanata. Ba zan ƙara ba ta ajiya ba."

Kuma ba ka ƙara ba. A sansanin da aka tsugunar da mu, ƙarƙashin rumfar tamfol, ka fara dawo da takenka ɗaya bayan ɗaya daga ƙwaƙwalwarka kana zuba su a cikin mutane. Kowa da rabonsa, baki da kunne, har sai ya zauna masa. Ka kafa doka guda: duk wanda zai bar gari ba zai samu albarkarka ba sai ya koya wa wani rabonsa, ka saurara ka yarda. Na sha ganin saurayi da akwatinsa a bakin ƙofa, motar filin jirgi tana jira, shi kuwa yana zaune yana maimaita wa ƙanwarsa layi ɗaya, kai kana girgiza kai. Masu ilimi daga Manila sun zo sun roƙe ka ka bari su rubuta, ka ba su kofi ka sallame su. Mu da muke kusa mun yi gunaguni, amma dabarar ta yi aiki. Mutane suka yi ta tafiya, wasu suka mutu, take ko ɗaya bai ɓace ba.

Sai guda ɗaya, shi ne dalilin wannan rubutu.

Babban aikinka shi ne taken rakiya na Babbar Juma'a, wanda muke bi da shi a bayan mutum-mutumin gawar Almasihu idan an zaga gari. A tsakiyarsa akwai wurin da dukanmu muke sauke murya, mu riƙe 'yar shimfiɗa a ƙasa, ganga tana bugu a hankali, kai kaɗai ka hau sama da ƙahonka mai kaurin murya. Wannan wurin ba ka taɓa busa shi iri ɗaya sau biyu ba. Kowace shekara sabo kake ɗinkawa, saboda mutanen garin da suka rasu a shekarar. Iyalan mamata sukan tsaya a bakin hanya da kyandir suna kasa kunne, kowa yana jiran ya ji nasa. A shekarar da mahaifiyata ta rasu, ina busa shimfiɗata sai na ji kiran da take yi idan tana tallar tamales, wato alalen shinkafa, da safe, yadda take jan ƙarshensa, ya fito daga bakin ƙahonka. Ban san ka taɓa lura da ita ba. Na ci gaba da busa saboda tsoronka, hawaye yana shiga mini baki.

Kai da ka tilasta wa kowa ya ba da rabonsa, naka ba ka ba kowa ba. Na fara yi maka naci tun kana shekara saba'in. Na ce, "Tatang," wato Baba, "ka koya wa wani wurin nan." Ka ce, "Me zan koya? Kin san wanda zai mutu bana ne? In kin sani gaya mini in fara aiki." Na ce ba taken nake nufi ba, hanyar ɗinka shi nake nufi. Ka ce, "Bari sai na tsufa." Da ka cika tamanin na sake tayar da maganar a gaban Apung Sening. Ta ce, "Rabu da shi, Nila. Gani yake in ya bayar, mutuwa za ta ji labarin ya gama aiki." Ka yi tsaki ka ce mata ta duba shinkafarta tana ƙonewa. Ba ka musa ba.

Ciwon ya zo ya ɗauke maka hannun dama da harshe a rana ɗaya. Sai a lokacin ka so bayarwa. Kana ganina ka fara nuna saman kabad da ido. Na sauko da ƙahon na ɗora maka a ƙirji. Leɓenka ya ƙi kama bakinsa, iska tana zurarewa ta gefe. Ka gwada rerawa, abin da ya fito ba murya ba ce. Ka koma buga yatsun hagu a kan katifa, ina bi da sarewa ina laluben abin da kake nufi, kana girgiza kai, ina sakewa, kana girgiza kai. Haka muka yi makonni. Ranar ƙarshe da na gwada, ka juya fuskarka bango, ba ka sake duban kabad ɗin ba.

A zaman makoki ɗalibanka sun zo daga inda duk suka iya zuwa. Tsakanin kofi da karta aka yanke cewa da taken Babbar Juma'a za mu raka ka, ko da yake ba a taɓa busa wa ɗan Adam shi ba. Sai gardama ta tashi a kan wurinka. Pidong, wanda ya sauko daga jirgin ruwa saboda kai, kuma babu wanda ya kai shi iya ƙaho a cikinmu, ya fito da waya ya ce yana da na bara da aka ɗauka a ciki, zai haddace kafin safe. Kong Dado ya ce, "Na bara na mamatan bara ne. Ka taɓa jin an binne mutum da akwatin wani?" Pidong ya ce, "To ka busa mana sabo, tunda haƙoranka sun tsiro." Saura kaɗan a ba hammata iska a gaban gawarka. Apung Sening ce ta raba. Ta ce, "Ku bar masa wurinsa. Shi ya ƙi bayarwa."

Ranar Asabar muka fito da kai daga coci da rana tsaka, muna tafe a ƙasa a bayan motar da ta ɗauko gawarka. Farkon taken ya tafi daidai, ban taɓa jin mun busa shi da kyau haka ba. Muna kaiwa bakin kasuwa muka iso wurinka. Muka sauke murya, muka shimfiɗa, ganga tana bugu. Sama babu kowa. Mutanen da ke tsaye a bakin hanya suka kasa kunne kamar yadda suka saba, na ga wata tsohuwa ta karkata kai tana jira.

A nan ne muka gane abin da babu wanda ya tuna da shi a zaman makoki. Wurinka ba shi da tsawon da aka sani. Wata shekara gajere ne, wata shekara ya kai mu har gada, gwargwadon yawan mamata. Kai ne kake ɗaga bakin ƙahonka sama idan ka gama, mu shigo gaba ɗaya mu kai taken ƙarshe. Babu wanda aka taɓa ba wannan alama. Na dubi Pidong, Pidong ya dubi Kong Dado, Kong Dado yana kallon motar. Kowa yana jin ba shi ne zai katse ka ba. Muka ci gaba da shimfiɗa. Muka wuce kasuwa, muka haye gada, muka bi ta tsohuwar unguwa inda rufin gidaje ke daidai da gwiwa, leɓuna suna tsagewa, muna maimaita abu ɗaya muna jiranka. A ƙofar maƙabarta Kong Dado ya sauke gula, kiɗan ya mutu da kansa. Ƙarshen taken, wanda kowannenmu ya haddace kamar sunansa, ba mu busa maka shi ba.

Ina fushi da kai, Maestro, kuma ina kewarka, ban san wanne ya fi nauyi ba. Ka ceci aikinka daga laka, ka raba wa gari, ka riƙe abu ɗaya da ya fi kowanne. Babbar Juma'a tana tafe nan da 'yan makonni. Iyalan waɗanda suka rasu bana za su fito bakin hanya da kyandir, matarka a cikinsu, kuma ba mu da abin da za mu ba su.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, har da wannan. Ya ba ka hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alherin da ka yi wa 'ya'yan talakawan da ka ɗora wa ƙaho a hannu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Apung Sening, da 'ya'yanku Milagros da Crisanto, da jikoki, da dangin Gozun baki ɗaya, da ɗalibanka na gida da na kan teku. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kuma nuna mana wanda zai ɗaga ƙaho ranar Babbar Juma'ar nan, mu samu mu kai taken ƙarshe. Amin.

Leonila Tayag
Santa Rufina, Pampanga