Cikin Kawu Sale Ya Ɗaure a Hanyar Badarawa

Daga Birnin Gwari

Ana idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. A shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama ne. 'Yarsa Hajara ce ta haihu a Kaduna, namiji, jikansa na fari, za mu suna. Ni tela ne, na rufe shago na raka shi saboda bai taɓa shiga Kaduna ba.

Motar katako muka samu, mai ɗauke da buhunan dawa. Kawu manomi ne ƙaƙƙarfa, ga son hira, amma har rana ta fito bai ce uffan ba. In mota ta faɗa rami sai ya dafe ciki ya cije leɓe.

Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ciki ne ya ɗaure, Isuhu. Tun ranar kasuwa ban zaga ba. Jiya na sha filasko da tsamiya, shiru kake ji."

Buruku

A nan direba ya tsaya karin kumallo. Na sayo koko da ƙosai, Kawu ya kau da kai. Wani mai tallar magani ya zagayo da akwati a wuya yana kirari, wai nasa mai wanke ciki ne tas. Kawu ya yafito shi, ya karɓi wasu ƙwayoyi ruwan ƙasa ya haɗiye biyu. Direba ya leƙo ya ce, "Baba, ku ƙara ɗaya. Kafin Kaduna za ku ce in tsaya." Ya ƙara. Har muka isa bai ce a tsaya ba.

Mando

Shingen sojoji muka tarar, aka ce kowa ya sauko. Kawu ya kasa. Wani soja ya hau bayan motar a fusace, amma da ya ga yadda gumi ke zubo wa Kawu, ga ciki ya ɗaga riga, sai ya sassauta murya.

"Wannan tsoho asibiti ya dace da shi."

Kawu ya ce, "Suna za ni, yaro."

Jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa, kowa ya ɗaga kai, ban da shi. Daga Kawo muka ɗauki tasi.

Badarawa

Mijin Hajara, Malam Bala, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ciki da falo yake haya. Aka miƙa wa Kawu jariri, ya tofa masa addu'a, ya yi murmushin da ban ga ya yi ba tun fitowarmu. Hajara ta dube shi ta ce, "Baba, me ya same ku haka?"

Da aka ji matsalar, Malam Bala ya hau keke ya tafi kemis, ya dawo da farin gishirin wankin ciki da wani mai mai kauri a kwalba. Wata maƙwabciya ta aiko da jiƙon kanwa. Kowa da kyakkyawar niyya ya kawo nasa, Kawu kuwa ya shanye duka, don so yake ranar suna ta same shi a tsaye.

Bayan la'asar amai ya zo masa. Na riƙe masa kwano. Na farko kore ne. Na biyu da ya fito, wari ya cika ɗakin, na duba na sake dubawa. Wallahi bayan gida ne ke fita ta bakin mutum. Ban taɓa jin haka na yiwuwa ba. Hajara ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam Bala ya fita a guje ba takalmi neman mota.

Asibiti

Likitan ɗan kudu ne, wata nas ce ke fassara mana. Ya ƙwanƙwasa cikin, sai ka ce ganga. Ya sa aka kwance wa Kawu wando, sai ga ƙullutu a matsematsinsa, jawur, ya kai ƙwan agwagwa. Ashe ƙaba gare shi shekara da shekaru, yana mai da ita da hannu, kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

Likita ya tambayi abin da aka ba shi. Muna lissafawa yana girgiza kai. Nas ta ce, "Ya ce hanji ne ya sauka cikin ƙabar ya shaƙe. Hanya a toshe take. Maganin wankin ciki ba ya buɗe irin wannan, sai dai ya ƙara matsa hanjin."

Malam Bala ya sulale ya zauna a ƙasa.

Aka shiga da Kawu tiyata. An ce an tarar hanjin ya yi baƙi, aka yanke wani sashe. Washegari ya farfaɗo, ana yi masa ƙarin ruwa. Abin da ya fara tambayata shi ne ko an sayo rago. Na ce an sayo. Ya ce, "Madalla." Ranar jajiberin suna, da hantsi, ina zaune a gefensa, Allah ya karɓi abinsa.

Mutanen Badarawa ba su san shi ba, amma su suka yi wanka, suka haƙa kabari, suka cika sahu. Da safe aka raɗa wa yaro suna Salihu. Tabarmin da aka aro don suna, a kansu aka karɓi gaisuwa. Allah ya saka musu da alheri, su da nas ɗin nan da ta tsaya a kansa.

Komawa gida

Babu wanda za a aika, ni ne saƙon. Na biyo mota da jakarsa a cinyata, ina ta shirya abin da zan faɗa, ina rushewa. Da yamma na isa ƙofar gidansa. Matarsa, Inna Laure, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta taso da fara'a.

"Maraba da mutanen Kaduna! Wa yaron ya ɗebo, uwar ko uban?"

Ta leƙa bayana. Ta dubi jakar da ke hannuna. Ta ajiye rariya a hankali, ta ce, "Isuhu, zauna ka sha ruwa tukuna."

Na zauna. Ita ta fara cewa innalillahi, kafin in buɗe baki.