Kiyashi a Bayan Rumbu

Da safen nan na tarar da kiyashi sun yi layi daga bakin taga har inda ɗiyata ta zubar da shayi a kan tebur. Na ɗauko tsumma zan share su, sai na tsaya da shi a hannu ina kallo, har ruwan da na ɗora ya tafasa ya ƙafe. Ni kiyashi ba sa ba ni haushi kamar yadda suke ba sauran mata. Su ne suka fara gaya mana gaskiya a gidanmu lokacin da manya ke ta kame-kame.

Gidan namu yana wani ƙauye gaba da Kebbe. Baba malamin firamare ne a Tambuwal, sai Juma'a da yamma muke jin ƙarar babur ɗinsa, Lahadi ya koma. Sauran kwanakin gidan na mata ne, Inna da ni da Kaka mahaifiyar Baba, sai autanmu ɗan shekara huɗu, wanda shi kaɗai ne namiji kuma ya san da haka. Ni ban wuce sha ɗaya ba, kuma a bayana ya girma, don ni ce mai rainonsa.

Kaka ba ta kiransa da komai sai maigida. Ka dai san wasan kaka da jika. Gari na wayewa zai je ya ɗaga asabarin ƙofarta ba sallama, ita kuma ta ce, "Wanga miji nau, ba cefane sai ci." Sannan ta juya masa baya, a ji kwanukan jerenta suna ƙara, ta fito da ɗan gutsuren mazarƙwaila, baƙa mai ƙamshin hayaƙi, irin wadda ake dafawa da ruwan rake a fadama. Ni kuwa sai in an ga dama. Ba ita kaɗai ba, a ƙauyenmu yaro na kowa ne. Duk gidan da auta ya shiga sai an cika masa hannu, nan fura, can dabino, can alewa. A ga yaro a ƙi ba shi abu, wannan rowa ce da ake yi wa mutum gori da ita har jikokinsa.

A bazarar wata shekara ya fara shan ruwa kamar ba gobe. Ya sha na randa, ya sha na buta, ya jiƙa tabarma bayan ya daɗe da dainawa. Ci yake yi amma wuyansa na ƙara tsawo. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce shawara, wata tsohuwa ta rage murya ta ce a bincika ko kamun maye ne. An sha saiwa, an sha rubutu. Wata rana da hantsi Kaka ta kira ni bayan rumbu, inda auta ya saba tsugunawa, ta nuna mini ƙasa da sandarta. Wurin ya yi baƙi da kiyashi. Ta ce, "Mi kiyashi ka nema ga fitsarin yaro?" Ba ni take tambaya ba.

Da Baba ya zo ta kai shi ya gani. Washegari ya ɗora Inna da auta a babur suka tafi asibitin Tambuwal, daga can aka tura su Sakkwato. Sun daɗe. Da suka dawo auta ya ɗan yi kumatu, Inna ce ta rame. Ta zauna a kan turmi ta yi mana bayani da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin farashin gero. Ciwon suga ne, amma ba irin na tsofaffi ba. Irin na yara ne, wanda jiki ke daina sarrafa suga gaba ɗaya. Ba ya warkewa. Allura ce safe da yamma, yau da gobe, har ranar da Allah zai karɓi abinsa.

Babu wanda ya yi kuka. Na sha tunanin dalili. Da mutuwa ya yi, mun san abin yi: a shimfiɗa tabarmi, a yi gumba, mutane su zo gaisuwa, a share makoki. Wannan kuwa ba mu gaji yadda ake yi masa ba. Ga yaro yana bin akuya da gudu a tsakar gida, ga shi kuma an ce ransa na cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba. Sai kowa ya tashi ya kama aikinsa. Ni dai abin da na ji a jikina shi ne irin abin da ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, a taɓa ta ba ka ji.

Maganin ba ya son zafi, mu kuma ba mu da wuta balle firji. Inna ta ƙulle kwalbar a leda, ta sa a gwangwani, ta binne a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa. Ita ke yin allurar, ni ke danne masa ƙafafu. Kwanakin farko yana ihu yana kiran Kaka, Kaka kuma tana ɗaki ta saki asabari. Daga baya ya daina ihun, sai ya miƙo cinya da kansa yana kallon wani wuri. Wannan ya fi ihun ciwo, amma shi ma na saba da shi.

Baba kuwa yaƙi ya ɗaura da suga. Likita ya faɗi abubuwa da yawa, amma abin da ya zauna a kunnensa shi ne zaƙi abokin gaba ne. Ya kwashe sugan koko, da ragowar zumar da ke cikin kwalba, da dabinon da aka ajiye don azumi, duk ya fitar da su daga gidan. Ni ya ba ni aikin bin auta duk inda ya sa ƙafa, kuma ya tura ni gida-gida in ce Malam ya ce don Allah kada a ƙara ba yaron nan komai. Na yi aikin nan da gaske. Har fizge ƙuli-ƙuli na yi daga hannunsa a gaban matar da ta ba shi, alhali ba a ma hana shi ƙuli-ƙuli ba. Matan unguwa suka sa mini suna 'yar sanda.

Ɗaki ɗaya ne Baba bai shiga ba. Ɗa ba ya bincike a ɗakin uwarsa. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Iya, in da wani abin zaƙi wurinki, a taimaka a ba ni." Ta ce, "Na jiya." Ta miƙo ƙwarya da 'yan dabino a ciki. Bai tambaye ta ko shi ke nan ba, ita ma ba ta ce shi ke nan ba. Daga ranar ta daina ce wa auta maigida. Idan ya ɗaga asabari sai ya same ta da tasbaha, ta ƙi ɗagowa har ya gaji ya tafi. Wata rana na ji tana ce wa Inna, "Da in gane shi in hana mai, gara kar in gane shi."

Haka muka shiga damina. Ranar da nake son ba ka labarinta ranar Laraba ce, lokacin noman farko, gari ya watse kowa yana gona. An kwana ana ruwa, itace ya jiƙe. Inna ta yi masa allurar safe kamar kullum, amma wuta ta ƙi kamawa, ɗumame ya makara, da aka sauke kuma ya ci loma biyu ya ture, ya bi 'yan awaki. Ba mu ɗauki abin komai ba. Mu a lokacin tsoronmu kada ya ci da yawa ne, ba mu san ƙin ci ma yana kisa ba.

Wajen hantsi na same shi zaune a jikin turmi. Gari da sanyin ruwa amma shi gumi yake yi, hannunsa na rawa, yana magana harshe na karyewa. Na kira shi, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Inna ta zo ta taɓa goshinsa, sai na ga wata magana ta dawo mata, wadda malamar asibiti ta gaya mata a Sakkwato, ta bi ta nutse a ƙarƙashin tsoron suga. Ta ce, "Sugan jikinai ya faɗi. Maza samo suga!" Na tsaya ina kallonta, na zaci ta zautu. Ta daka mini tsawa, na fita da gudu.

Mai teburin da ke sayar da suga ya rufe ya tafi gona. Gida biyu na shiga ba kowa sai kaji. A na uku na sami wata maƙwabciyarmu mai jego, na ce ta ba ni suga za a ba auta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba ke ta kic ce kar a ba shi ba? Malam ya hana. Ba da hannuna ba, ɗiyar ga." Na rantse, na maimaita, ta ƙi. Ba mugunta ta yi ba, amana ta riƙe. A ganinta yaron ne ya yi kuka har ya karya mini zuciya. Na juyo hannu wofi, kuma har yau ina tuna cewa a hanya ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, sai taɓo da ke manne mini a ƙafa.

Na tarar Inna ta rungume shi, kansa na lilo, idonsa na lumshewa. Kaka tana tsaye a ƙofar ɗakinta ta dafa bango. Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ta ɗago ta dube ta ta ce, "Iya, in da akwai, fito da shi." Fito da shi na nufin Kaka ta yarda ta ɓoye wa ɗanta gaskiya, kuma a saninta guba ake roƙonta. Ta ce, "In ba shi abin da ka kashe shi da hannuna?" Inna ta ce, "Yau rashinai ka kashe shi. Ni nih haife shi. In ya mutu, a kaina."

Muka ji ƙarar kwanuka, ɗaya bayan ɗaya, har na can ƙasa. Ta fito da ƙullin tsumma, ta kasa kwancewa. Ni na kwance, na fasa dunƙulen mazarƙwailar da dutsen niƙa. Inna ta jiƙa a ludayi tana ɗura masa kaɗan-kaɗan, da yake yana iya haɗiya. Muka zauna mu uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa muna kallon bakinsa. Can gumin ya fara bushewa, idonsa ya dawo, ya lashe leɓe, ya dubi Kaka ya ce, "Ashe ɓoye mani kika yi." Ba wanda ya yi dariya. Inna ta tashi ta je hura wuta, Kaka ta koma ɗaki, ni na wanke ludayin.

Da Baba ya zo ranar Juma'a Inna ta gaya masa komai. Ya daɗe zaune a zaure bai cire takalmi ba. Sannan ya je ya tsuguna inda ya tsuguna wancan karon ya ce, "Iya, abin nan ya zauna wurinki. Kar ya ƙare." Ta ce, "Na jiya." Aka sake tura ni gida-gida da sabon saƙo, aka kuma ƙulla mini gutsure a bakin zane, ina yawo da shi duk inda muka je. Kaka ta koma ce masa maigida, sai dai yanzu in ya ɗaga asabari goshinsa take fara taɓawa, sannan ta ba shi gyaɗa.

Yau auta magidanci ne da gemunsa, yana ɗinki a nan Tambuwal. Yana da ɗan firji mai aiki da hasken rana, da na'urar da ke gaya masa yawan sugan jikinsa da ɗigon jini ɗaya, shi ke yi wa kansa allura tsakanin ɗinki da ɗinki. Yanzu in aka ce yaro na da irin ciwon, akwai waɗanda za a tambaya. Mu randa muka samu, da yashi, da tsohuwar da ba ta iya zubar da abu ba. Ni kuma mutane na cewa ina da taurin zuciya, ba a ganin hawayena ko a gidan mutuwa. Ban musa ba. Tun ina sha ɗaya na koyi danne ƙafar yaro ina kallon bango.

Kaka ta rasu shekarun baya kaɗan, bayan auta ya daɗe da barin ƙauyen. Da muka shiga kwashe kayanta, sai na ga layin kiyashi yana hawa jeren kwanuka. Na bi su ina saukewa har kwanon ƙasa. Ƙullin tsumma ne, da mazarƙwaila a ciki, ba tsohuwa ba, ta shekarar ce. Ashe duk shekara sai ta aika an sayo mata sabuwa, ba ta bari ta ƙare ba. Na kai wa auta a zaure na sa masa a hannu. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Matar nan har ta tafi ba ta yarda na girma ba." Ya sa a aljihun gaban rigarsa. Na koma bayan rumbu, inda ba kowa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da suka dawo daga Sakkwato.